Yadda na zama malamin iyo a garin da ba shi da kogi

Duk wanda ya san Damagaram ya san ta da ƙishirwa. Mun tashi muna bin layin famfo da bido, wato jarka, tun kafin kiran asalatu, muna jiran ruwan Gogo da Machaya ko na Arunguza ya iso unguwa, in bai zo ba a sayi na 'yan ga-ruwa da tsada. Shi ya sa in na ce wa mutum ina koyar da iyo, kuma a Damagaram nake yi, sai ya yi dariya tukuna kafin ya tambaye ni a wane kogi. Ba mu da kogi. Kududdufai muke da su da tafkuna, yawancinsu ramukan da aka yi shekara da shekaru ana haƙa don ƙasar tubali. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan sama ba ya shigewa ƙasa da wuri, sai ya gangara ya kwanta a cikinsu daga Yuli har bayan Satumba. Bakin ramin iya gwiwa ne, taku biyu gaba kuma ya shanye babban mutum, ga yumɓu mai santsi da ba ya barin ƙafa ta kama.

A Zango aka haife ni. Ina da shekara goma sha uku ƙanena yana da takwas lokacin da ruwa ya ci shi. Lokacin bakans ne, hutun makaranta, an kwana ana ruwa, Inna ta aike ni kai niƙa, shi kuma ya bi yaran unguwa. Ina dawowa na ga mutane suna gudu wajen kududdufin bayan gidaje, na bi su da kwanon gari a kaina ban san wanda ake nema ba. Maza sun fi ashirin a baki, babu ko ɗaya da ya iya ruwa. Wani dogo ya shiga da sanda yana lalube har Allah ya sa ya taɓo shi. Da aka fito da shi, sai aka kama ƙafafunsa aka juya kansa ƙasa ana jijjigawa, sannan aka kwantar da shi ana danna cikinsa wai ruwan ya fito. Abin da kowa ya sani ke nan, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Yaran da suke tare da shi sun ce bai yi ihu ba, sun ga kansa yana nutsewa yana tasowa sun ɗauka wasa yake.

A zaman makoki wasu suka ce aljanin wurin ne, duk shekara sai ya ɗauki mutum. Limamin unguwa ya tsawata musu, ya karanto hadisin da ya ce wanda ruwa ya ci shahidi ne. Wannan ya sanyaya wa Baba rai. Inna kuwa ba ta ce komai ba sai bayan sadakar bakwai, ta kira ni ɗaki ta ce: "Ka ga ruwan da ya wuce na buta, ban yafe maka ka kusance shi ba." Ban ma buƙaci gargaɗin ba. Na yi shekaru in hadari ya haɗo cikina ke murɗawa. Karatu ya lalace, na faɗi jarrabawar birbe, na koma zaman fada da shan shayi har Baba ya gaji ya tura ni Yamai wajen kawuna.

Na isa ana shirin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a watan Disamba na 2005, otal-otal suna neman hannu. Kawu ya samo mini aikin shara a wani otal, kuma cikin ikon Allah aka ba ni sashen pisin, wato ginannen wurin iyo. Ni ne mai kwashe ganye da raga mai doguwar sanda, ni ne mai goge tayil, daga baya aka koya mini auna maganin ruwa. Ina aikin ina tsaye nesa da baki, hannu a miƙe. Akwai wani dattijo mai kula da masu wanka yana kuma koyar da 'ya'yan baƙi, mutumin bakin kogin Isa ne da ya yi horon aikin ya samu takardarsa. Wata rana ya ce mini: "Kai Badamagare, ruwan nan bashi yake bin ka?" Na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce in zo gobe kafin baƙi su farka.

Na yi ta kai-kawo da zuciyata a kan maganar Inna. Abin da na tsayar shi ne tsoron mutuwata ya sa ta faɗa, kuma mutumin da yake aiki a bakin ruwa bai iya shi ba ya fi kusa da abin da take tsoro. Ban gaya mata ba sai bayan shekaru.

Dattijon bai sa ni cikin pisin ba a farko. Roba ya cika da ruwa ya ce in sa fuskata in fitar da numfashi ta hanci. Mun daɗe a kan wannan kaɗai. Sai tsayuwa a wurin da ruwa yake iya ƙugu, sai kwanciya rigingine yana tallafe da ƙeyata, yana cewa in kalli sama in saki wuyana. Ranar da ya zare hannunsa ban sani ba, na ji ruwa ya riƙe ni, na fito na zauna ina kuka, shi kuma ya juya baya yana gyara igiya kamar bai gani ba. Daga nan abin ya tafi da sauri. Na iya iyo na ciki da na baya, na iya kurme, har na fara cika baki.

Shi ya sauke mini girman kan. Ya ce: "Yaro, mai iyo daban, malamin iyo daban. Masuntan garinmu duk sun fi ni gudu a ruwa, amma ba wanda zan ba ɗana." Ya sa na zauna ina kallon yadda yake aiki. Ba ya taɓa juya wa ruwa baya in akwai yaro a ciki. Yana ƙirga kawuna kafin a shiga, yana ƙirgawa ana cikin darasi, yana ƙirgawa an fito. Sandarsa ba ta barin gefensa. Shi ya fara gaya mini cewa mai nutsewa ba ya samun numfashin da zai yi ihu da shi, kuma ƙaramin yaro yana iya ɓacewa ƙarƙashin ruwa kafin minti ɗaya ya cika. Yana son ba da labarin wasannin Olamfik na Sidni a 2000, inda ɗan Nijar Karim Baré da wani ɗan Tajikistan suka faɗa ruwa kafin a ba da alama aka fitar da su, aka bar Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya yi mita 100 shi kaɗai da ƙyar duniya tana tafi. Dattijon ba ya dariya in ya zo nan. Yakan ce laifin ba na yaran ba ne, ƙasashenmu ne ba su da isassun malamai.

Shi ya matsa mini na yi horon agajin gaggawa. A can, a kan mutum-mutumin roba, aka nuna mana cewa wanda aka tsamo daga ruwa iska yake nema kafin komai: a kwantar da shi, a buɗe hanyar numfashi, a hura masa sau biyar, sannan a danna ƙirji sau talatin a hura sau biyu, a ci gaba har taimako ya zo. Juya mutum ƙasa da danna masa ciki ɓata lokaci ne, yana ma iya sa amai ya toshe shi. Na tsaya hannuna a kan ƙirjin robar nan na kasa ci gaba. Allah kaɗai ya san ko ƙanena zai tashi da an yi masa haka, kwanansa ya ƙare. Amma maza ashirin suna tsaye, kowanne yana da huhu da hannu biyu, ba wanda aka taɓa nuna wa abin da ake koyo a wuni guda. Wannan tunanin ya fi mutuwar kanta daɗewa yana ci na.

Rashin lafiyar Baba ce ta dawo da ni gida. Na sayi babur da abin da na tara na shiga kabu-kabu, na yi aure. Damina ta farko da na ji an ce ruwa ya ci yara biyu a wata unguwa, na kasa barci. Na je wajen mai unguwarmu na ce ina so in koya wa yara iyo kyauta. Ya ce in iyaye sun yarda shi ba ya hanawa. Na samu wani tafki a gefen gari mai shimfiɗaɗɗen baki, na auna zurfinsa da sanda, na kafa turaku na kewaye da igiya, na ɗaure bido marasa komai su zama abin riƙewa. Iyaye kaɗan suka kawo 'ya'yansu, mafi yawa suka ce na je birni na zo da iyayi. Wani malamin zaure ya taimake ni da maganar da ake jinginawa ga Sayyidina Umar, cewa a koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki. Na yi damina biyu ina wannan, ni kaɗai, yara suna ƙaruwa.

A ta ukun aka kawo mini wani yaro mai kaifin jiki. Ya zo 'yan kwanaki, ya fara iya tafiya taku kaɗan a cikin igiya, sai aka tura shi ƙauye taya noma. Da ya dawo bai zo wurina ba. Ya tafi da abokansa wani kududdufi mai zurfi ya ce musu shi yanzu ya iya ruwa. Washegari aka samu gawarsa.

Ba zan iya kwatanta watannin da suka biyo baya ba yadda suke. Aka kira ni wajen hukuma. Tambaya ɗaya ce ta kashe mini jiki: wa ya ba ka izinin koyarwa, ina takardarka? Na fito da shaidar agajin gaggawa da wasiƙar wurin aikina na da. Jami'in ya duba ya ce waɗannan sun nuna na iya ceto, ba su nuna na iya koyarwa ba. Ba a same ni da laifi ba tunda ba a hannuna abin ya faru ba, aka sallame ni. Gari kuwa ya riga ya yanke nasa hukuncin. Ina tsaye a tasha fasinja ya tsallake babur ɗina ya hau na wani. Matata ta daina zuwa biki. Mahaifin yaron, Allah ya saka masa, ya karɓi gaisuwata ya ce kwana ne ya ƙare. Mahaifiyarsa ta aiko cewa da ban cire wa ɗanta tsoron ruwa ba da yana nan. Na juya maganar nan dare da rana, domin akwai gaskiya a cikinta da ban san yadda zan amsa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a ruwa ya fi ko'ina.

Inna ita ce ta ba ni mamaki. Na yi zaton za ta tuna mini abin da ta faɗa tun ina yaro. Ta zo gidana da kanta, ta zauna a tabarma ta ce: "Ni na san abin da matar nan take ji, kada ka riƙe ta. Amma yaran da ka koya wa suka iya, su ma uwaye gare su." Ba ta ce in koma ba, ba ta ce in bari ba. Na kwashe igiyoyina na ajiye, na yi shekaru ban koyar ba.

Da na samu ƙarfin kiran dattijon a waya, ya saurare ni har na gama. Ya tambaye ni yara nawa nake sawa a ruwa lokaci ɗaya, wa yake tsaye a baki yana gadi in ina ciki, a ina nake rubuta wanda ya kammala da wanda ya yanke, me nake gaya wa uban da ya janye ɗansa a tsakiya. Ya ce shi ma ba daga kansa ya san waɗannan ba, a horo aka ba shi, kuma horon wasu ne suka zauna suka tsara bayan sun binne nasu yaran. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai kuma ka ɗauka shekara uku."

Daga nan na fara bincike a intanet da ɗan Faransancina, wani ƙanin matata ɗan jami'a yana fassara mini na Turanci. Na gano cewa a wasu ƙasashe malaman iyo suna da ƙungiyar sana'a tasu. A Ingila akwai ƙungiyar malaman iyo ta STA tun 1932, tana horar da malamai, tana ba su takardar shaida, tana koyar da ceto da kula da tsabtar pisin, mambobinta kuma suna da inshora ko da wani abu ya faru. A Ostareliya AUSTSWIM ta fara a 1979, lasisinta shekara uku ne, in ya ƙare sai ka nuna kana kan aiki kuma ka ƙaro ilimi kafin a sabunta. A Faransa malamin iyo mai ceto yana komawa a sake gwada shi duk shekara biyar. Abin da ya ja hankalina, ƙungiyoyin nan ba takarda kawai suke rabawa ba. Su ne suke cewa ga adadin yaran da malami ɗaya zai riƙe, ga matakin da za a bi ɗaya bayan ɗaya, ga abin da yaro zai nuna kafin a ce ya iya. In an yi hatsari akwai ma'aunin da za a ɗora malamin a kai, ko a wanke shi ko a kama shi. Ni ranar da aka tambaye ni, ba ni da ma'aunin da ya wuce bakina.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Bangaladesh. Su ma tafkuna ne suke cin 'ya'yansu, su ma ba su da pisin a ƙauye. Shirinsu na SwimSafe yana kafa dandamali na itacen gora a cikin tafkin gari, mai shinge, ruwan iya ƙirjin yaro, ya horar da matasan garin maza da mata su zama malamai. Ba a sallamar yaro sai ya yi iyon mita 25, ya iya tsayar da kansa a saman ruwa, ya kuma iya ceton wani daga tudu da sanda ko igiya ba tare da ya faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana ba da shawarar a koya wa yara daga shekara shida, a wurin da aka tantance, a hannun malamin da aka horar. Rahotonta na 2024 ya ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a yankin Afirka ne a gaba. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don wannan matsala, ranar da take faɗowa daidai lokacin da kududdufanmu suke cika. Muna da hukumar wasannin ruwa a Yamai, 'yan wasanmu kamar Roukaya Moussa Mahamane sun je Olamfik, ina alfahari da su. Sai dai shirya ɗan gasa aiki ne daban da hana ɗan shekara takwas nutsewa a bayan gida, kuma na biyun ma yana son masu tsara shi.

Ban koma ruwa ni kaɗai ba. Na bi mutane ɗaya-ɗaya: malaman wasanni na sakandare biyu, wani tsohon ɗan kwana-kwana da ya yi ritaya wanda ya tsamo gawar da ba ya son ƙirgawa, wani masunci daga Gidimuni, da wata malamar asibiti. Ba mu da suna, ba mu da ofis, a zauren tsohon ɗan kwana-kwanan muke haɗuwa. Mun yi doguwar gardama kafin mu yarda da ƙa'idoji, musamman da masuncin, wanda ya ce shi jefa shi aka yi a ruwa ya iya. Yanzu ba a darasi sai da mutum biyu, ɗaya a ciki ɗaya a baki da sanda, kuma na bakin ba ya koyarwa, ba ya taɓa waya. Yara ba sa wuce shida. Uba yana zuwa da kansa ranar farko a gaya masa a gaban shaida cewa yaron da bai kammala ba ya fi wanda bai fara ba hatsari. In yaro ya yanke, muna bin sa har gida. Darasin farko a tudu ake yi, kuma abin da ake fara koya wa yaro shi ne in abokinsa ya faɗa kada ya bi shi, ya yi ihu, ya miƙa sanda yana kwance, ko ya jefa bido mai murfi. Sau da yawa in an ce ruwa ya ci yara biyu, na biyun ceto ya je yi.

Malamar asibitin ce ta hana mu tafki. Ta ce ruwan da ke kwance da katantanwa a cikinsa shi ke kawo tsargiya, ba za mu tsare yaro daga nutsewa mu ba shi fitsarin jini ba. Don haka muke haɗa kuɗi mu yi hayar ƙaramin pisin na 'yan sa'o'i da safe, iyaye masu hali suna ba da jika ɗaya ko biyu, marasa hali ba a tambayarsu. Wannan ya rage yawan yaran da muke iya ɗauka ƙwarai, kuma har yau ina jin zafinsa in na wuce kududdufi na ga yara cike. A garin da ake sayen ruwan sha, ba kowa yake ganin dacewar cika rami don wanka ba, ni ma ban ga laifinsu ba. Malamar asibitin ce kuma ta fara koyon iyo da kanta don 'yan mata, domin ba uban da zai ba namiji 'yarsa, kuma 'yan mata ne ake aike wanki bakin ruwa.

Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba ta kuma kashe ɗaruruwan mutane a faɗin Nijar, ta canza yadda ake kallonmu. Masu unguwanni suka fara kiranmu mu nuna wa manya yadda ake hura numfashi da danna ƙirji. A ɗaya daga cikin tarukan na hango mahaifin yaron nan da ya rasu a sahun baya. Bai yi mini magana ba, amma ya durƙusa ya gwada a kan mutum-mutumin da muka aro.

Har yanzu kabu-kabu ke ciyar da gidana, kuma har yanzu in aka tambaye ni takardar koyar da iyo ba ni da ita. Cikinmu ba mai ita. Muna shirya takardun rajistar ƙungiya, mun kuma rubuta wasiƙu muna neman wanda zai zo ya horar da mu ya gwada mu, ko a kai biyu daga cikinmu su koyo su dawo su koya wa saura. Dattijon ya tsufa, tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai ta yi masa nisa, amma ya aiko mana da tsohon littafin horonsa, malaman wasannin suna mayar da shi Hausa babi-babi. Sun kai na huɗu, wanda yake magana a kan yaro mai farfaɗiya da yadda ake koya masa.